Ragon Fataskum Ya Iso Ikko, Ya Ƙi Cin Ciyawa

Duk shekara idan Babbar Salla ta ƙarato, akwai wani abin takaici da kan sami 'yan Arewa mazauna Kurmi, wanda ba safai ake jin maganarsa ba sai a tsakanin maƙwabta. Magidanci a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun zai yi wata da watanni yana tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya tafi Kara ya yi ciniki har muryarsa ta dushe, ya jawo farin Balami mai dogon kunne ya ɗaure a tsakar gida, yara suna ta murna. Da gari ya waye sai a tura yaro bakin hanya ya yanko ciyawa ɗanya shar, irin wadda ko a tsakiyar damina ba a samun kamarta a Arewa, a zube a gaban rago. Rago ya sunsuna, ya ɗaga kai, ya juya mata baya. A kawo ɓawon rogo, ya ƙi. A kawo ɓawon ayaba, ko kallo bai ishe shi ba. Kwana uku, kwana huɗu, sai ga kwiɓinsa ya faɗa, gashi ya tashi, ragon da aka sayo yana taƙama ya koma tsayuwa a lungu kansa a sunkuye.

Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce dillali ne ya cuci mai gida, ya ɗura wa ragon ruwa da kanwa don ya cika ido. Wani ya ce bakin mutane ne. Uwargida kuwa ta ce tun farko ba ta yarda da idon ragon nan ba. Abin kuwa ba na wasa ba ne, domin ban da kuɗin da aka zuba, shari'a ba ta yarda a yi layya da dabbar da ciwonta ya bayyana ba, ko wadda ta rame har ba ta da mai a jiki. Kuɗin rago ma ba irin na da ba ne, balle a shekarar 2025 da Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta ana gab da Salla.

Akwai dillalai maha'inta, wannan ba a musu, akwai kuma cututtukan da hanya ke jawowa. Amma sau da yawa ragon nan lafiyarsa lau. Abin da ke damunsa shi ne bai san abin da aka ajiye masa ba, kuma bai ga uwarsa tana ci ba. Wanda ke son ya gane wannan magana sai ya bi sawun motar da ta kawo ragon, ya koma inda aka haife shi.

A Dogo Tebo

Dogo Tebo ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Fataskum, a Jihar Yobe wadda aka ciro daga Jihar Barno a 1991. Fataskum gari ne na Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Hausawa da Fulani da Barebari, kuma abu biyu suka fitar da sunansa a duk faɗin ƙasa: manyan motocin ɗaukar kaya, da kasuwar dabbobi wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi na shigowa kasuwar daga ƙauyukan kewaye, da wajajen Gaidam da Gashuwa da Nguru, har da Nijar da Chadi, sa'an nan a loda su a tirela su nufi Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal.

A unguwannin garin, kamar sauran garuruwan Arewa, turka rago sana'a ce, kuma galibi ta mata da tsofaffi. Tunkiya ita ce asusun matar aure. Idan ta haihu aka sami namiji, to, an sami kuɗin kayan ɗakin 'ya, ko na makarantar yara, ko jarin ƙuli-ƙuli. Irin wannan ɗan rago tun yana ƙarami bai san komai ba sai turke da daro. Abincinsa dusar gero ko ta dawa ko ta masara, da harawar wake da ta gyaɗa, da kowar wake, da ruwan tsari, da ɗan guntun kanwa. Bai taɓa fita jeji ba, bai taɓa tsinkar ciyawa da bakinsa daga ƙasa ba, kullum busasshe ake kawo masa har inda yake.

A kasuwa kuwa za a tsayar da shi kusa da wani wanda tarihinsa dabam ne, wato ragon Udawa, mai rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari. Shi wannan a jeji aka haife shi. Tun bai yi mako guda ba yake bin garke. Da damina ya ci gadagi da kyasuwa da ƙarangiya tun tana ɗanya ba ta yi ƙaya ba, da kaka ya shiga gonaki bayan an cire amfani, da rani ya koma kan 'ya'yan gawo da na kalgo, da ganyen sabara da magarya da aduwa. Idan mai turke ya sayi irin wannan rago don ya yi kiwonsa a gida, yakan sha wahala a kwanakin farko, domin sai a ajiye masa dusa mai kyau ya tsaya yana kallon ƙofa yana kuka. Masu kiwo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa gwanayensu ba su kan sayi rago ba sai sun tambayi ko na turke ne ko na garke.

Raguna biyu ke nan a mota guda, farashinsu kusan ɗaya, amma kowanne da abin da bakinsa ya sani. Mai saye a Ikko kuwa ƙiba da ƙaho kawai yake dubawa.

Makarantar uwa

Cikin tunkiya ɗaki huɗu ne, kuma babban ɗakin shi ne tumbi. A cikin tumbi akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa da kara, dabbar kuma ta rayu da abin da suka fitar. To, ranar da aka haifi ɗan tunkiya tumbinsa ɗan ƙarami ne, ba ya aiki. Nonon da yake sha ma ba ya sauka a ciki, akwai wata 'yar hanya da ke zarcewa da shi zuwa ɗaki na huɗu. Sai ya kai kamar mako biyu zai fara tsakurar ganye, yana tsaye a gefen bakin uwarsa, duk abin da ta sa baki shi ma ya sa. Ta nan waɗannan halittu ke shiga cikinsa, daga yawun uwa da abincin da ta taɓa. Kafin ya cika mako takwas tumbi ya kankama, ya fara tuƙa sosai.

Waɗannan 'yan makonni su ne makarantarsa, kuma masana sun auna irin ƙarfin karatun da ake yi a ciki. A ƙasar Ostiraliya, inda ake kiwon tumaki miliyoyi, makiyaya sun daɗe suna kuka da cewa idan fari ya zo aka zuba wa tumaki hatsi, waɗansu sai su ƙi ci har su rame, alhali ga abinci a gabansu. A 1984 wasu masana na can suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki 'yan tumaki masu mako shida da haihuwa, suka riƙa ajiye musu alkama sa'a ɗaya kacal kowace rana, har kwana biyar. Wasu tare da iyayensu mata waɗanda suka saba cin alkama, wasu kuwa su kaɗai. Bayan kwana biyar ɗin aka ɗauke alkama, ba su sake ganinta ba sai bayan kusan shekara uku. Da aka dawo da ita, waɗanda suka ga iyayensu suna ci sai suka faɗa mata, suka ci kusan ninki 10 na abin da sauran suka ci. Mai karatu ya lissafa da kansa: sa'a biyar ce duka-duka a rayuwar dabba, amma ta bi ta har ta zama uwa ita ma.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari shi ne Farfesa Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wanda ya yi shekaru da dama yana gwaji da tumaki da awaki tare da ɗalibansa. A 1990 suka nuna cewa ɗan tunkiya mai mako shida ya fi mai mako 12 bin zaɓin uwarsa, domin shi babban ya fara yin nisa da ita, ya koma bin tsaransa. Suka kuma nuna cewa koyon ba a kan ci kaɗai ya tsaya ba, har da bari. Idan uwa ta sunsuni wani ganye ta kau da kai, ɗanta zai rage cinsa ƙwarai, ko da ganyen ba shi da illa. A 1992 kuma suka sa wa 'yan tumaki ɗanɗanon albasa ko na tafarnuwa a madarar da suke sha. Bayan an yaye su, waɗanda suka sha mai albasa suka fi sauran karkata ga abinci mai albasa, na tafarnuwa kuma suka fi sauran karkata ga mai tafarnuwa. Ashe ƙamshin abin da uwa ta ci a jeji yana iya isa ga ɗanta ta nono tun bai san jejin ba.

Kai, har tun yana ciki ma. Tunkiya kan yi wata biyar da ciki, kuma a 2009 wasu masana a yammacin Ostiraliya suka ba da labarin tumakin da suka yi kiwo a kan wani ɗan itace mai gishiri ƙwarai suna da juna biyu. 'Ya'yan da suka haifa, da suka girma aka kai su kiwo kan wannan itace, sun fi sauran saurin fitar da gishiri daga jikinsu, sun kuma fi su yin ƙiba. Makiyayan ƙasar Manga, inda kanwa ke tsatstsafowa daga ƙasa, ba za su yi mamakin wannan labari ba.

Akwai kuma wani gefe da mutane ba su cika lura da shi ba, wato gwanintar ci. Tsinkar ganyen magarya daga tsakanin ƙaya ba tare da an huda leɓe ba sana'a ce, sai an koya. An gwada wannan ma a Utah a 1989: 'yan tumakin da suka tashi a kan ganyen itatuwa sun fi waɗanda suka tashi a kan ciyawa saurin cika ciki idan aka sake su a kan itatuwa. Ɗan ragon Dogo Tebo da ya tashi a kan daro, ko an sake shi a makiyaya mai albarka, zai yi kwanaki yana ɓata lokaci kafin bakinsa ya iya aikin da ɗan Udawa ke yi ido rufe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma sai in ya ga gudun nata.

Ciki ne alƙali

Kada a ɗauka ɗan tunkiya makaho ne mai bin uwa ko'ina. Uwa tana nuna hanya, amma hukunci na ƙarshe na ciki ne. Dabba idan ta ci sabon abu, jikinta yana ajiye lissafi: ga ɗanɗanon da ya shiga, ga abin da ya biyo baya. In ƙoshi da ƙarfi suka biyo, sai ta ƙara so. In tashin zuciya ya biyo, sai ta tsani ɗanɗanon, ko da ciwon bai zo ba sai bayan sa'o'i. Su Provenza sun tabbatar da haka ta hanyar ba tumaki wani magani mai tayar da zuciya bayan sun ci sabon abinci, sai tumakin suka ƙaurace wa abincin. Har ɗan da uwarsa ke cin abu a gabansa, in shi abin ya ɓata masa ciki, to, zai bar mata kayanta.

Saboda haka ne tunkiya ba ta afka wa abin da ba ta sani ba. Takan ɗan tsakura yau, ta jira ta ji abin da ciki zai ce, gobe ta ƙara kaɗan. Wannan ƙiwa, irin ta yaron da ke ƙin baƙo, ita ce ke tsare garke a jejin da ke da samberu da sauran itatuwa masu kisa. Abin da magidancin Agege ke gani kamar taurin kai ko rashin godiya, a wurin ragon dabara ce ta tsira da rai.

Wani gwaji na 1997 ya fi kowanne kusa da halin da ragon Salla ke shiga. An kai tumaki wurin da ba su sani ba, aka ajiye musu sabon abinci da wanda suka saba. Sai aka ga ƙiwarsu ga sabon abu ta ƙaru a baƙon wuri fiye da yadda take a gida, suka liƙe wa abin da suka sani, har da wanda ya taɓa ɓata musu ciki. Wato baƙuntar wuri tana ƙara baƙuntar abinci. Wannan kam ba sai an yi wa ɗan Arewa mazaunin Kurmi dogon bayani ba. Duk wanda ya sauka a Ido ko Mile 12 karo na farko ya san kwana nawa ya yi yana neman mai tuwo da miyar kuka kafin ya yarda ya sa hannu a amala, kuma da ya sa ɗin ma, sai da ya ga ɗan garinsu yana ci.

Hanya da abin da ke ƙarshenta

Daga Fataskum zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Rago zai yi kwana biyu ko fiye a cikin tirela, a cunkushe, ga zafi, ga girgiza, ga tsaye-tsayen shingaye, abinci da ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kafin a sauke shi halittun da ke tumbinsa sun ragu saboda yunwa, jikinsa ya yi laushi. Sai ya sauko a ƙasa mai laima, da hayaniyar da bai taɓa ji ba, an raba shi da 'yan'uwansa, an ɗaure shi shi kaɗai, alhali tunkiya dabba ce da ba ta samun natsuwa sai a cikin garke.

Lokacin Sallar ma yana da nasa hannu a ciki. A 2024 an yi Babbar Salla ran 16 ga Yuni, a 2025 kuma ran 6 ga Yuni. A irin wannan lokaci ruwa bai kankama a Yobe ba, rago ya yi wata bakwai ko takwas bai ga ɗanyar ciyawa ba, a Kudu kuwa damina ta yi nisa, ciyawa duk ruwa ce. Halittun tumbi suna bukatar kamar mako biyu kafin su juya daga wani irin abinci zuwa wani. Saboda haka ko ragon da yunwa ta ci ƙarfinsa ya haƙura ya ci ɗanyar ciyawar da yawa, abin da kan biyo baya shi ne zawo, wani lokaci da kumburin ciki. Haka nan mai gidan da tausayi ya kama shi ya tula wa rago masara ko sauran shinkafa ko burodi, yana iya kashe shi da hannunsa, domin hatsi mai yawa farat ɗaya yana tsamar da tumbi, dabba ta kwanta ba ta tashi ba.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. Ostiraliya ta yi shekaru tana loda tumaki a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Larabawa, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su a hanya shi ne ƙin cin dunƙulallen abincin injin da ake zuba musu. Tunkiya za ta tsaya a gaban abinci har ta mutu. Dole ta sa aka riƙa tsare su a wani sansani na 'yan kwanaki kafin lodi, don su saba da abincin jirgi, duk da haka ba a rasa masu ƙi. A 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar da za ta kawo ƙarshen fitar da tumaki masu rai ta teku daga watan Mayu na 2028.

Abincin Kurmi kuwa ba duka ne abin yarda ba, kuma a nan sai a ce ragon yana da gaskiyarsa. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci yana da guba, sai an shanya shi a rana ya bushe take raguwa. Gajerun tumakin Kurmi sun tashi a kansa, sun san iyakar abin da za su ci, baƙo kuwa bai sani ba. Akwai kuma ciyawar nan mai wari da ta cika bakin hanyoyin Kudu, wadda Yarbawa ke kira Akintola, wadda dabbobin wurin ma ba sa so, amma yaron da aka aika yankan ciyawa sai ya haɗo da ita.

Masana aikin gona a Badun sun ga irin wannan ƙiwa a shekarun 1980, lokacin da ake yaɗa shuka wasu itatuwa biyu, Gliricidia da Leucaena, a tsakanin kunyoyi don su gyara ƙasa su kuma ciyar da tumaki da awaki. Ganyen na farkon yana da amfani ƙwarai, amma dabbar da ba ta san shi ba takan ƙi shi saboda warinsa, sai an bar shi ya yi yaushi, ko ta ga wata tana ci. Na biyun kuwa labarinsa ya fi ban mamaki. A Ostiraliya yana sa dabbobi ciwo idan suka ci da yawa, a tsibirin Hawai kuwa awaki na cinsa lafiya lau. Wani masani mai suna Raymond Jones ya gano cewa bambancin yana cikin tumbi: awakin Hawai na da wata ƙwayar halitta mai karya gubar. A farkon shekarun 1980 aka kai irin wannan ƙwaya Ostiraliya aka ɗura wa dabbobin can, ciwon ya kau. Ashe abin da dabba ke gada a garkensu ya wuce hali da ɗabi'a, har da ma'aikatan da ke cikin cikinta.

Abin yi

Ga mai saye a Kurmi, tambaya guda ta fi duba haƙori amfani: me ragon nan yake ci? Fataken kirki sun san amsa, domin su ma da shi suke riƙe dabbobinsu a Kara. Sai a sayi wannan abincin tare da ragon, ko da kuɗinsa ya yi ciwo, a lissafa shi cikin kuɗin layya tun farko. Ranar da ya iso gida a ba shi ruwa mai tsabta da busasshiyar harawa, a bar shi ya huta a inuwa, a hana yara ja masa ƙaho. Dusa sai kashegari, kaɗan-kaɗan. Idan ana so ya ci ɗanyar ciyawa, a shanya ta ta yi yaushi, a cakuɗa 'yar kaɗan cikin harawar da ya sani, ana ƙarawa a hankali. In akwai maƙwabci mai tunkiya ko rago, a ɗaure su kusa da juna, domin ganin wani yana ci yana buɗe masa baki. Wanda kuwa saura kwana uku ko huɗu Salla ya sayi nasa, ba shi da dalilin koya masa sabon abinci ko kaɗan.

Amma fa a san bambancin baƙunta da ciwo. Ragon da baƙunta ke damu zai ƙi ciyawar Kurmi, amma da ya ga harawa zai miƙo wuya, kuma in ya kwanta za a ga yana tuƙa. Wanda ya ƙi har abin da ya saba, hancinsa na zubar da majina, idonsa na kwantsa, yana tari ko zawo mai wari, ko bakinsa ya yi gyambo, wannan sai malamin dabbobi, kuma a raba shi da sauran nan da nan, domin akwai annobar tumaki da awaki mai saurin yaɗuwa wadda cunkoson mota da na kasuwa ke taimaka wa.

Ga mai turke a Dogo Tebo kuwa, wanda 'yan'uwansa ke karanta wannan shafi suna aika kuɗin kiwo gida, dabarar ba ta cin ko kwabo. Duk abincin da ake tsammanin ɗan rago zai bukata nan gaba, ko 'ya'yan gawo ne, ko dusar alkama irin wadda ta fi samuwa a Ikko, ko busasshen ɓawon rogo, ko tunkuzar gyaɗa, a zuba wa uwar tafi guda a gabansa tun yana tsakanin wata ɗaya da wata biyu, a yi haka 'yan kwanaki a jere. Idan uwar ma ba ta san abin ba, a fara koya mata tun tana da ciki. Angurya ce kaɗai za a yi hattara da ita, domin tana da wani sinadari mai cutar da ɗan da tumbinsa bai ƙosa ba, sai ya girma. Amfanin wannan ba sai an je Kurmi za a gan shi ba. A watannin bazara, lokacin da harawa ke tsada kamar magani, mai ragon da ke cin abu biyar ko shida yana da zaɓi, mai ragon da bai san komai ba sai harawa da dusa kuwa dole ya saya ko nawa ne, ko ya karyar da ragon.

Makarantar uwa tana koyar da mugun abu kamar yadda take koyar da nagari. Tunkiyar cikin gari da ake saki tana yawon bola, ɗanta na biye da ita, yana ganin tana lasar ledar da aka ƙulla abinci a ciki, yana jin ɗanɗanon gishiri da mai, shi ma sai ya haɗiye. Leda ba ta narkewa. Takan taru a tumbi ta dunƙule, ta cinye wurin abinci, dabba tana ci kaɗan tana ramewa, cikinta kuwa a kumbure kamar na mai ƙoshi. Mahauta a Maiduguri da Kano da Oko-Oba sun saba ciro irin wannan dunƙule idan sun fasa tumbi. Irin wannan rago babu harawar da za ta gyara shi, kuma mai saye ba zai gane ba sai ranar Salla da hantsi, bayan an feɗe.